Rediyon manhaja: Irin kwamfuta da intanet da ake buƙata kafin a kafa tasha a gida

Rediyo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga ranar 13 ga Maris, 1957, da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, gajeren zango ya zama abokin hirar tela a shagonsa da ɗan kasuwa a rumfarsa da ma'aikaci bayan ya taso daga ofis. Sai dai duk wannan sauraro ne kawai. Akwai wani ɓangare na duniyar rediyo da ba a cika saninsa a nan ba, inda mutum kan karɓi lasisi daga gwamnati, ya kafa ƙaramar tasha a gidansa, ya riƙa zantawa da takwarorinsa na wasu ƙasashe ba tare da layin waya ba. Wannan shi ne rediyon sha'awa, kuma ma'abotansa suna da ƙungiya ta duniya, IARU, wadda aka kafa a birnin Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925.

A da, shiga wannan harka na buƙatar akwatin rediyo mai tsada da nauyi. Yanzu an samu abin da ake kira rediyon manhaja, ko SDR a taƙaice, wanda mafi arahar nau'insa bai fi girman filashin adana bayanai ba. Arahar ce ke jan mutane, ita ce kuma ke yaudararsu, domin abin da aka saya rabin rediyo ne. Ɗaya rabin yana cikin kwamfutar da za a jona shi da ita, wani lokaci har da layin intanet. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya fitar da kuɗi, yakan ƙare da sauti mai yankewa, da kwamfuta mai ɗaukar zafi, da datar wata guda da ta ƙone a yini ɗaya.

Mene ne rediyon manhaja?

A cikin rediyon da aka saba da shi, kowane aiki yana da nasa kayan ƙarfe. Akwai sashen da ke zaɓar tasha, da mai tace hayaniya, da mai fitar da murya daga cikin siginar. Rediyon manhaja ya kwashe yawancin waɗannan ayyuka ya miƙa wa lissafi. Eriya na kamo siginar, wata 'yar na'ura ta riƙa auna ƙarfinta sau miliyoyi a kowane sakan tana mayar da awon zuwa lambobi, sannan manhaja ta yi sauran aikin a cikin kwamfuta. Masanin nan ɗan Amurka, Joseph Mitola, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tunani a farkon shekarun 1990, kuma a 2001 Eric Blossom ya fara aikin GNU Radio, manhajar kyauta da masu bincike ke amfani da ita har yau.

Abin da ya kawo fasahar hannun talaka ya faru a 2012, lokacin da masu bincike suka gano cewa 'yan na'urorin kallon talabijin a kwamfuta, masu ɗauke da guntun RTL2832U na kamfanin Realtek, suna iya miƙa ɗanyen awon sigina kai tsaye. Daga nan aka samu sunan RTL-SDR.

Bambancin da mai amfani zai fara gani shi ne faɗin abin da yake kallo. Tsohon rediyo kamar mai sayayya ne da ya tsaya a gaban rumfa ɗaya. Rediyon manhaja kuwa kamar wanda ya hau bene ne yana hango layin kasuwa gaba ɗaya, domin allon kwamfuta yana nuna masa dukkan tashoshin da ke magana a wani yanki na zango a lokaci guda, ya danna wadda yake so. Gwargwadon faɗin layin da yake son hangowa, gwargwadon nauyin da zai ɗora wa kwamfutarsa.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A irin waɗannan na'urori, idan ana son ganin zango mai faɗin megahaz 1, sai an ɗauki awo kusan miliyan 1 a sakan, kuma kowane awo lambobi biyu ne. RTL-SDR tana aiki lafiya a kan awo miliyan 2.4 a sakan, kowace lamba kuma bit 8 ce, wato bait 1. Saboda haka tana turo wa kwamfuta megabait 4.8 a kowane sakan, wanda ya yi daidai da megabit 38.4. Idan aka ce a adana wannan ɗanyen awo don a saurara daga baya, awa ɗaya za ta cinye sama da gigabait 17 na ma'adana.

A nan ya kamata a bambance kalmomi biyu masu kama da juna. Bit 8 ne ke yin bait 1. Kamfanonin sadarwa suna tallata saurin layinsu da megabit a sakan, amma suna sayar da data da gigabait. Wanda ya cakuɗa su zai yi kuskuren ninki takwas a lissafinsa.

Na'urar HackRF One, wadda Michael Ossmann ya ƙera, tana kaiwa daga megahaz 1 zuwa gigahaz 6, kuma tana iya ɗaukar awo miliyan 20 a sakan. Wannan ya kusa rufe zangon FM baki ɗaya, wanda ya tashi daga megahaz 87.5 zuwa 108. Kuɗin wannan faɗi shi ne megabait 40 a sakan, ko gigabait 144 a awa idan ana adanawa. Na'urar RSP1A ta kamfanin SDRplay da ke Ingila tana tsakiya, domin tana nuna har megahaz 10 a lokaci guda.

Adadin bit na kowane awo shi ma yana da tasiri. Kamar sikeli ne: wanda ake auna buhun masara da shi ba zai gane nauyin ɗan kunnen zinare ba. Kowane bit ɗaya da aka ƙara yana ƙara kimanin desibel 6 a tazarar da ke tsakanin mafi raunin sigina da mafi ƙarfinta da na'urar za ta iya riƙewa tare. Na'ura mai bit 8 da aka kafa kusa da hasumiyar gidan rediyon FM takan cika ta batse, ƙananan sigina su nutse. Mai bit 14 ta fi jure wannan, sai dai lambobinta sun fi nauyi a kan waya da kwamfuta.

Kwamfutar da ta dace

Abubuwa huɗu ake dubawa: masarrafa, da ma'adanar wucin gadi da aka fi sani da RAM, da ma'adanar dindindin, da babbar manhaja.

Masarrafa ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma aikin rediyo ba ya jira. Wasiƙar da ta makara da sakan biyu kafin ta buɗe ba ta ɓaci ba, amma sautin da ya makara ya riga ya wuce. Ga mai RTL-SDR ɗaya, kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai masarrafar Core i5 da RAM gigabait 8, irin wadda ake samu a titin Beirut na Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ta wadatar. Ƙananan kwamfutoci masu masarrafar Atom ko tsohuwar Celeron da RAM gigabait 2 su ne sukan gaza, musamman idan an buɗe allon kallon zango da girmansa. Wanda ke son kallon megahaz 10 ko fiye, ko sauraron tashoshi da yawa a lokaci guda, ya nemi masarrafa mai ƙwaƙwalwa huɗu ko fiye. Hanya mafi sauƙi ta gane ko kwamfuta na shan wahala ita ce a duba ma'aunin aikin masarrafa yayin da rediyon ke aiki. Idan yana zaune kusa da ƙarshe, sai a rage faɗin zangon da ake kallo kafin a yi tunanin sayen sabuwa.

Ma'adanar dindindin ba ta da muhimmanci sosai ga mai sauraro kawai. Mai son adana ɗanyen awo shi ne ke buƙatar ma'adanar SSD mai faɗi, saboda alƙaluman da aka ambata a sama.

Ta fuskar babbar manhaja, SDR# da HDSDR suna aiki a kan Windows, GQRX a kan Linux da Mac, SDR++ kuma a kan dukkansu. A kan Windows, RTL-SDR ba za ta yi aiki ba sai an sauya mata direba da wata ƙaramar manhaja mai suna Zadig, kuma rashin sanin wannan kaɗai ya sa wasu ke zaton an sayar musu da mataccen kaya. Akwai kuma batun tsufa: kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025, a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kwamfutar da za a bari a jone da intanet dare da rana tana buƙatar sabunta tsaro, don haka ɗora mata Linux ya fi barin ta haka.

Ga tashar da za ta riƙa aiki ba dare ba rana, da yawa sun fi son Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba. Nau'i na 4, wanda ya fito a 2019, yana da USB 3.0 da ƙofar Ethernet mai saurin gigabit. Hatta wayar Android tana iya ɗaukar RTL-SDR ta hanyar wayar OTG, ko da yake batirinta ba zai daɗe ba.

Wani abin lura ga mai saye shi ne, RTL-SDR ta gama-gari tana farawa ne daga wajen megahaz 24 zuwa sama. Gajeren zango kuwa yana tsakanin megahaz 3 da 30, kuma zangon mita 40 da na mita 20, inda ma'abota rediyon sha'awa suka fi taruwa, suna kan megahaz 7 da 14. Ma'ana, mafi arahar na'urar ba za ta ji su ba. Sai an nemi nau'in da aka yi wa ƙari don gajeren zango, kamar V3 ko V4 na RTL-SDR Blog, ko kuma wata na'urar daban. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Wayar da ke tsakanin rediyo da kwamfuta

USB 2.0 an rubuta mata saurin megabit 480 a sakan, amma abin da take ɗauka a zahiri bai kai haka ba. RTL-SDR ɗaya ba ta dame ta. HackRF One a kan cikakken saurinta tana neman megabit 320, wato ta kusa ƙure hanyar, don haka ba a haɗa ta da firinta da kyamara da filashi a kan mararraba ɗaya. Na'urorin da suka fi wannan faɗi suna buƙatar USB 3.0, mai saurin gigabit 5.

Tsawon waya ma yana da iyaka. Ƙa'idar USB 2.0 mita 5 ce, ta Ethernet kuwa mita 100. Wannan bambanci yana da amfani ga mai zama a gidan bene ko gidan haya. Maimakon ya ja doguwar wayar eriya daga rufi zuwa ɗaki, inda sigina ke raguwa a hanya, zai iya ajiye rediyon da Raspberry Pi kusa da eriya, ya jawo lambobin zuwa ɗaki ta wayar Ethernet, wadda ba ta rage komai a cikin wannan tazara.

Manyan na'urorin da ake magana da su, kamar na kamfanin FlexRadio da ke jihar Texas ta Amurka, da ma ta Ethernet suke haɗuwa da kwamfuta, kuma suna yin mafi nauyin lissafin a cikinsu kafin su turo. Icom IC-7300, wadda ta shiga kasuwa a 2016, rediyon manhaja ce da aka rufe a akwati mai allo da maɓallai, ba ta buƙatar kwamfuta sai an zo aika saƙonnin rubutu. Gwargwadon aikin da na'ura ke yi da kanta, gwargwadon sauƙin da kwamfuta ke samu, kuma gwargwadon tsadarta.

Wi-Fi yana iya ɗaukar sautin da aka matse, amma ga ɗanyen awo waya ta fi. Matsalarsa ita ce rashin daidaito: wani ƙunshin bayanai ya iso da wuri, wani ya makara saboda wayoyin mutanen gida da na maƙwabta suna rububin hanya ɗaya.

Ina intanet ya shigo?

Rediyon manhaja da aka jona da kwamfuta a ɗaki ba ya buƙatar intanet kafin ya ji tasha. Buƙatar tana tasowa ne a hali uku.

Na farko shi ne sauraro ta tashar wani. Jami'ar Twente da ke garin Enschede a ƙasar Holan tana da rediyon WebSDR, aikin Pieter-Tjerk de Boer, wanda kowa ke iya buɗewa a burauza ya juya zangon da yake so. Akwai kuma ɗaruruwan na'urorin KiwiSDR da masu su suka buɗe wa jama'a a faɗin duniya. KiwiSDR tana ɗaukar awo sama da miliyan 65 a sakan don ta rufe daga kilohaz 10 zuwa megahaz 30, amma tana tace komai a cikinta, sai ta turo wa mai sauraro sautin tashar da ya zaɓa kawai da hoton zango. Sauti mai awo 12,000 a sakan da aka matse zuwa bit 4 kowane awo, kilobit 48 ne a sakan. Idan aka ƙaddara cewa shi da hoton zangon sun kai kilobit 100, awa ɗaya za ta ci megabait 45. Mai sauraron awa uku kullum zai ƙone kimanin gigabait 4 a wata, kuma layin 3G mai kyau ya ishe shi.

A kwatanta wannan da wanda ya turo ɗanyen awon RTL-SDR daga gida zuwa ofis ta manhajar rtl_tcp. Shi yana buƙatar megabit 38.4 a sakan, kuma awa uku kullum za su kai shi sama da gigabait 1,500 a wata. Tazarar ta kusa ninki 400. Don haka ne aka samar da manhajoji irin su SpyServer da OpenWebRX, waɗanda ke tace siginar a gida kafin su tura ta.

Hali na biyu shi ne buɗe wa wasu tashar gida. A nan saurin aikawa ne abin dubawa, kuma yawanci bai kai saurin saukewa da ake tallatawa ba. A tsarinta na asali KiwiSDR tana ɗaukar mutum huɗu a lokaci guda. Idan huɗun suka cika dare da rana, a kan ƙiyasin da aka yi a sama, mai tashar zai biya kuɗin kusan gigabait 130 a wata.

Akwai kuma wata katanga da ba a gani. Yawancin layukan intanet na wayar salula ba sa ba kowane mai saye adireshinsa na kansa, suna haɗa mutane da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar babban gidan haya ne mai lamba ɗaya a ƙofa: ɗan haya na iya aika saƙo waje a dawo masa da amsa, amma baƙon da ya zo da kansa ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, shi ma haka yake a tsarinsa na gama-gari. Mafita ita ce a nemi adireshi na musamman daga kamfanin sadarwa, ko a bi ta wata uwar garke da ke waje wadda za ta tsaya a tsakani, ko a yi amfani da keɓantacciyar hanya irin ta WireGuard ko Tailscale.

Hali na uku, mafi wahala, shi ne sarrafa tashar magana daga nesa, kamar ma'aikacin da ke Abuja alhali eriyarsa tana gidansu a Zariya inda hayaniyar lantarki ta fi sauƙi. A nan jinkiri ya fi sauri muhimmanci. Idan murya na ɗaukar rabin sakan kafin ta isa, mutane biyu za su riƙa karo da juna a magana. Intanet na tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri ɗaya yana da wannan matsala, domin tauraron yana nisan kilomita 35,786, kuma zuwa da dawowar saƙo na cin kimanin rabin sakan. Manhajoji suna maganin rashin daidaito da tara sauti kaɗan kafin su saki, kamar tankin da ke tara ruwan famfo mai zuwa yana ɗaukewa, sai dai girman tankin ƙarin jinkiri ne. Tashar da ake kunnawa daga nesa kuma dole ta kasance da kalmar sirri mai ƙarfi, domin duk abin da ya fita ta eriyar, mai lasisin za a tambaya.

Abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, darasi ne a nan. A ranar wayoyin intanet da dama na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki da sadarwa suka tangarɗe a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Tashar da duk aikinta ya rataya a kan intanet takan yi shiru a irin wannan rana, alhali babbar fa'idar rediyon sha'awa ita ce yin aiki lokacin da sauran hanyoyi suka yanke. Ya kamata a tsara tasha ta yadda za a iya zama a gabanta a yi aiki ko da babu layi.

Agogon kwamfuta

Hanyar sadarwa mafi farin jini a gajeren zango a yau ita ce FT8, wadda Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017 a cikin manhajar WSJT-X. Gajerun saƙonnin rubutu ne da kwamfuta ke iya tsintowa ko da kunne ba ya jin komai sai shuu. A zangon mita 20 ana samun su a megahaz 14.074. Tashoshi suna karɓa-karɓa kowane sakan 15, don haka idan agogon kwamfuta ya kauce da fiye da kimanin sakan ɗaya, saƙonni sukan fara kuɓucewa. Daidaita agogo ta intanet ba ya cin data sai 'yar kaɗan. Inda babu layi, ƙaramar na'urar GPS mai shiga USB tana yin aikin. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan manta lokaci duk sa'ad da aka kashe ta, don haka a duba wannan kafin a saya.

Wuta da zafi da hayaniya

Raspberry Pi 4 tana neman caja mai bolt 5 da amfiya 3, wato wat 15 a ƙololuwa, wanda bai wuce wat-awa 360 a yini ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, kuma idan na dalma ne rabi kawai ake so a sha. Ke nan zai riƙe ƙaramar tashar sauraro fiye da yini guda. Na'urar magana mai ƙarfin wat 100 kuwa tana jan kimanin amfiya 20 duk lokacin da ake aikawa, wannan lissafi ne na daban.

Sai dai kayan da ke maganin ɗaukewar wuta su ne kuma manyan masu gurɓata gajeren zango. Inbata, da na'urar cajin sola, da cajar waya mai araha, da wasu ƙwayayen fitila na zamani, duk suna fitar da hayaniyar lantarki da ke bayyana a allo kamar layuka a jere. Ita kanta cajar kwamfuta takan yi haka. Gwajin ba shi da wuya: a cire caja, a bar kwamfuta a kan batirinta, a kashe inbata, a ga ko layukan sun ɓace. Magani shi ne a nesanta eriya da waɗannan kaya, a sa zoben ferait a wayoyi, a kuma ciyar da tashar kai tsaye daga batir inda hali ya yi.

Zafi ma abokin gaba ne. Raspberry Pi tana rage saurinta da kanta idan zafin masarrafarta ya kai digiri 80, kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, akwatin da aka rufe a ƙarƙashin rufin kwano ba zai daɗe bai kai haka ba. Tana buƙatar fanka da iska. Zafi yana kuma sa RTL-SDR mai araha ta zame daga zangon da aka saita ta, shi ya sa ake neman wadda aka rubuta wa TCXO. Ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta, busasshiyar iskarsa kuma na tara caji a doguwar eriya har ya ƙona ƙofar na'ura. Da damina tsawa ce abin tsoro. A haɗa eriya da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, a kuma cire ta daga rediyo da zarar hadari ya taso.

Tauraron da ke saman Afirka

A watan Nuwamban 2018 ƙasar Qatar ta harba tauraron Es'hail-2, wanda ke ɗauke da sashen rediyon sha'awa mai suna QO-100, haɗin gwiwar ƙungiyar ma'abota rediyo ta Qatar da AMSAT ta Jamus. Yana tsaye a digiri 25.9 gabas, yana rufe Afirka baki ɗaya, daga gabashin Brazil har zuwa Thailand. Yana sauko da sigina a wajen megahaz 10,489. Farantin satalayit irin wanda ke kan rufin gidaje, tare da kan LNB ɗinsa, yana rage megahaz 9,750 daga wannan adadi, siginar ta dawo wajen megahaz 739, inda RTL-SDR ke ji sarai. Faɗin sashen murya rabin megahaz ne kawai, saboda haka kwamfuta matsakaiciya ta ishe shi, kuma ba ya buƙatar intanet. Ga mazaunin birni da hayaniyar inbata ta hana shi jin gajeren zango, wannan ƙofa ce a buɗe.

Lasisi da iyakokin doka

Babu ƙasar da ke barin mutum ya yi magana a zangon rediyon sha'awa ba tare da lasisi ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa, bisa rabon Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Geneva: 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Ghana, TJ ta Kamaru, TT ta Chadi, ST ta Sudan. A Najeriya akwai ƙungiyar ma'abota wannan harka, NARS, wadda mamba ce a IARU, kuma nan ne ya dace mai sha'awa ya fara neman bayani kan lasisi da kayan da doka ta yarda ya mallaka.

Ƙa'idar ITU ta ce rediyon sha'awa don koyo da gwaji da zumunci ne, ba tare da neman kuɗi ba. Ɗan kasuwa ba zai yi amfani da shi ya tambayi farashin kaya a Legas ba, ba a kuma ɓoye ma'anar saƙo a cikinsa. Na'ura irin HackRF One tana iya aikawa a zangon jiragen sama da na jami'an tsaro da na kamfanonin waya, kuma yin hakan laifi ne da ke iya jefa rayuka cikin haɗari. Ko a sauraro ma, dokokin ƙasashe da yawa sun hana bibiyar sadarwar da ba a yi don jama'a ba.

Ta ina za a fara?

Da rarrafe yaro kan tashi. Matakin farko ba ya buƙatar sayen komai: a buɗe WebSDR ta Twente ko wata KiwiSDR a waya ko kwamfutar da ake da ita, a yi mako biyu ana koyon zangon da yadda ma'abotansa ke magana. Idan sha'awar ta ɗore, sai a sayi RTL-SDR mai jin gajeren zango, a gwada ta a kan kwamfutar gida, a auna hayaniyar unguwa kafin a kashe kuɗi a kan babbar eriya. Bayan nan ne za a san ko kwamfutar na buƙatar ƙari. Batun buɗe tasha ga jama'a ko sarrafa ta daga nesa ya zo daga baya, bayan an tambayi kamfanin sadarwa saurin aikawarsa da irin adireshin da yake bayarwa, an kuma lissafa datar wata. Na'urar magana ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma a saye ta bayan lasisi ya shigo hannu.